Ranar Da Aka Wanke Mini Kwamfuta

Har yau in na ji wani ya ce zai kai kwamfutarsa gyara, sai na tsayar da shi na tambaye shi abin da zai gaya wa mai gyaran. Wasu su yi dariya, wasu su ɗauka taɓuwa ce ta fara kama ni. Ko a jikina. Ni na san abin da kalma ɗaya ta ja mini.

A Yakasai aka haife ni, a gidan da aka haifi Baba, kuma har gobe a nan nake. Baba tela ne, na manyan riguna. A zaurenmu yake ɗinki, a kan wani baƙin keke na ƙarfe da ya girme ni, ya girmi yayata. Duk ranar Juma'a da safe zai kwance kansa, ya goge, ya ɗiga masa mai, ya mayar. Ban taɓa ganin keken nan ya kwana a wurin mai gyara ba. In bel ya tsinke, Baba zai aika Ƙofar Ruwa a samo wani, kafin azahar an ci gaba da aiki.

Kakanmu kuwa, mahaifin Baba, bafatake ne, kuma yana taɓa karatu. Ya yi wata doguwar waƙa da ajami a kan tafiyar da ya yi fatauci yana saurayi, ya dawo ya tarar mahaifiyarsa ta rasu. Ban san shi ba, kafin a haife ni ya bar duniya. Takardun waƙar suna cikin wata adaka, har wata damina da soron ya yi yoyo, gara ta samu hanya ta cinye su tas. Abin da ya rage na waƙar nan a duniya yana cikin kan Baba, baiti ɗari da wani abu. Yakan rera ta a hankali in yana ɗinki, ƙarar keke tana danne rabi. Mun taso muna jin ta kamar yadda ake jin kiran mai ƙosai a lungu, ba wanda ya taɓa tsayawa ya saurara.

Ni malamin makaranta ne, a wata sakandare. Don buga tambayoyin jarrabawa da haɗa sakamako na sayi laftof, 'yar Beljiyam, wato ta hannu da aka shigo da ita daga Turai. Mai sayarwar ya rantse mini wata tsohuwar Baturiya ce ta riƙe ta, ko buɗe ta ba ta cika yi ba. Daga baya na gane duk kwamfutar da ke kasuwar nan tsohuwar Baturiyar nan ce ta riƙe ta. Allah ya ba ta lafiya, ta tara kaya.

Ranar da na kawo ta gida, na ajiye ta a gaban Baba ina ta feleƙe. Ya shafa murfin, ya ɗaga ta ya ji nauyinta, ya juya ta ya leƙa ƙasan.

"Ina ake zuba mata mai?"

Na yi dariya na ce, "Baba, ba a zuba mata mai."

"To shekara nawa take yi?"

Na ce in an kula da ita, sai dai mutum ya gaji ya sayar. Ban san daga ina na samo wannan maganar ba, bakina ne kawai ya faɗa. Baba ya miƙo mini ita ya ce shi abin da ba a iya zuba masa mai bai yarda da shi ba, ya koma kan ɗinkinsa.

Da idonsa ya fara rauni, har zura zare a allura ya gagare shi, sai ya rage aiki, zama ya yi masa yawa. A lokacin ne dabara ta faɗo mini: in ɗauki muryarsa yana rera waƙar Kaka, daga baya in zauna in rubuta ta da boko, in buga ɗan littafi. Ba zan ɓoye ba, har na ga sunana a bangon littafin, a ƙasan na Kaka. Baba bai ƙi ba. Kullum bayan la'asar sai in shimfiɗa tabarma a zaure, in buɗe kwamfutar in saita ta a gabansa, shi kuma ya gyara zama, ya yi gyaran murya, ya fara. Ba rerawa kawai yake yi ba. Yakan tsaya ya ce wannan garin da aka ambata yanzu ba kowa a cikinsa, wannan kalmar ta fatake ce, ga abin da take nufi, wannan baitin kuma Kaka ba ya iya wuce shi sai ya share hawaye. Wata biyu muka yi a haka.

Ni kuma me nake yi a lokacin? Ina zaune a gefe, kaina a sunkuye, ina latsa waya. Ina amsa saƙonnin abokan aiki, ina kallon abin da bai shafe ni ba. Jefi-jefi in ɗago in ce "haka ne, Baba," in duba ko alamar ɗaukar tana tafiya. Tunda na'ura tana ji, me zai sa in wahalar da kunnena?

Duk sanda ya kai aya, sai ya juyo inda nake ya ce, "Ka riƙe?"

In ce, "Ta riƙe, Baba."

Sai ya ce, "Ba ita na tambaya ba."

Kusan kullum sai mun yi wannan, har ya zama kamar wasa tsakaninmu. Ni dai a wasa na ɗauke shi.

Yayata tana aure a Dala. Da ta ji labarin ɗaukar, ta ce in tura mata a waya ta riƙa ji. Na hana. Na ce sai na gama gyarawa, kada abu ya bazu a gari kafin littafi ya fito. Ta ce, "Waƙar kakan naka kai kaɗai?" Na ce ta yi haƙuri dai. Wani abokin aikina ma ya ce in kwafe a filash in ajiye daban. Na sayi filash ɗin, wallahi na saya, amma sai jarrabawa ta matso na zuba tambayoyi a ciki, na ce in an yi hutu zan kwafe na Baba. An yi hutu, an koma, an sake yin wani.

Sai ciwon ya zo. Wata safiya Baba ya tashi alwala ya faɗi a tsakar gida. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Da aka sallamo mu daga asibiti, yana ji, yana ganewa, idonsa yana bin mutum, amma in ya buɗe baki sai wani gurnani da shi kansa yake jin kunyarsa. Muka mayar da shimfiɗarsa zaure saboda ya fi son nan, kusa da kekensa da aka lulluɓe da zani.

Wata rana bayan la'asar na ga yana ta nuna jakar kwamfutar da hannun hagu. Na ɗauko, na kunna masa muryarsa. Ban taɓa ganin abin da na gani a fuskarsa ranar ba. Ya lumshe ido, leɓensa yana motsi tare da baitocin. Daga ranar ya zama kullum sai an kunna masa. Abinci ma ba ya karɓa da daɗin rai sai an yi wannan.

A daidai wannan lokacin kwamfutar ta ga damar fara nata ciwon. Shekararta uku a hannuna. Da farko zafi take yi, har ba ta ɗoruwa a cinya. Sai fankar cikinta ta fara gurnani kamar injin markaɗe. Daga nan sai ta riƙa ɗaukewa ɗif, ba sallama, a tsakiyar baiti. Na ɗora ta a kan bulo biyu don iska ta shiga ta ƙasa. Na zauna ina yi mata fifita da mafici, ni da ban taɓa yi wa Baba fifita ba. Duk a banza. In ta ɗauke, Baba zai buɗe ido ya dube ni, leɓensa a buɗe a kan kalmar da aka yanke masa. Wannan kallon ne ya hana ni sukuni.

Abokin aikin nan nawa ya ce ba wani abu ba ne, datti ne ya toshe fankar, balle ma a zauren tela inda burbushin zare da auduga ke yawo. A buɗe ta a share, shi ke nan. Washegari na tari a-daidaita-sahu na fita wajen gari, wani bene da masu gyaran waya da kwamfuta suka cika. Aka nuna mini shagon wani da kowa ke kira Injiniya. Magidanci ne mai faran-faran, kwamfutoci a jibge a bayansa har rufi, wasu ba murfi, wasu ba madannai. Waya a maƙale a kunnensa yake sauraren mutane uku a lokaci guda.

Na ce masa, "Injiniya, zafi take yi, tana ɗaukewa. An ce datti ne. So nake a wanke mini ita."

Ya kunna ta, ya ga yadda take jan ƙafa kafin ta tashi, ya gyaɗa kai. "Ta cika da datti kam. A wanke ta gaba ɗaya?"

"Gaba ɗaya. Kada a bar komai."

"Ka kwashe kayanka, Malam?"

Na duba hannuna. Jakar tana rataye a kafaɗata, cajarta da linzaminta suna ciki. Na ɗaga masa jakar na ce, "Na kwashe."

Ya ce in dawo bayan azahar. Na yi masa godiya har da addu'a. Na je na ci abinci hankalina kwance, ina tunanin yau Baba zai ji waƙar daga farko har ƙarshe ba yankewa.

Da na dawo, ya miƙo mini ita yana murmushi, ya ce in gani da idona yadda take tashi yanzu. Ta tashi da sauri kam. Fuskarta fes, ba hoton da na saka, ba tarkacen takardun da na saba gani. Na shiga inda nake ajiye muryar Baba. Wayam. Na fita na sake shiga. Na duba wani wurin. Nan ma wayam.

"Injiniya, ina kayan da ke ciki?"

"Wane kaya? Ba ka ce ka kwashe ba?"

"Caja na kwashe! Caja da jaka!"

Ya sauke wayar daga kunnensa, karo na farko tun da na zo. "Malam, cewa ka yi a wanke ta. Wanki ai fomatin ne. An share komai, an ɗora mata sabo. Da ka ce sabis, da bulowa kawai zan sa in hure fankar."

Na ce ni Bahaushe ne, uwata Bahaushiya, ubana Bahaushe, kuma tun da nake ban taɓa jin an kai riga wanki an dawo wa mai ita da zare ba. Na ɗaga murya har masu shagunan kusa suka taru. Abin da ya fi ƙona mini rai, babu wanda ya goyi bayana. Kowa cewa yake, "Ai Malam, a nan in ka ce wanki, wanki ne." Wani ma ya ce shi ya sa ake tambaya ko an kwashe kaya. Hausa nake yi, Hausa suke yi, kowa da abin da yake nufi. Garin gyaran gira na rasa ido.

Injiniyan ba mugu ba ne, wannan ma yana cikin abin da ke ba ni haushi, don da mugu ne da na samu wanda zan tsana. Da na gaya masa abin da ke ciki, ya yi salati, ya karɓe ta ya ce akwai hanyar da ake bi a tono abin da aka share. Kwana uku tana wurinsa. Ya tono tambayoyin jarrabawar shekarar da ta wuce, ya tono hotunan wani biki da ban ma tuna na je ba. Na muryar Baba, guda biyu suka fito, kuma da aka kunna sai shuuu kawai, kamar rediyon da ba ta kama tasha ba. Ya ce sabon da aka ɗora ya hau kan tsohon, aikin gama ya gama. Na kai ta wurin wani mai gyaran, shi ma haka ya ce.

Kuma ko zafin ba ta daina ba. Ina shagon Injiniya tana hannuna ta sake ɗaukewa. Sai a lokacin ya kwance ta, ya ciro wani dunƙulen burbushin zare daga fankar, ya nuna mini a tafin hannunsa. Aikin minti goma. Ya ƙara da cewa zafin ya riga ya taɓa bod ɗin, wato faifan da ke ɗauke da kayan cikinta, in na samu wata shida nan gaba in gode Allah.

Na ce, "Shekara uku fa kawai ta yi a hannuna."

Ya ce, "Ka san nawa ta yi a hannun masu ita? Malam, waɗannan ba a yi su don su daɗe ba. Shekara huɗu, biyar, ta yi ƙoƙari. So suke ka sayi wata."

Ya faɗe shi ne kamar mai cewa gobe Talata. Wannan maganar ta daɗe tana cina. Abin da aka ƙera, aka haye teku da shi, mutum ya zuba masa aikinsa da sirrinsa da muryar ubansa, a ce tun ranar da aka yi shi an yanka masa kwanaki kaɗan, kuma kowa ya sani, kowa ya yarda. Ni ba na cewa ta kai keken Baba. Amma ko akuya ka saya kana sa ran ta wuce haka, ita kuwa har haihuwa za ta yi maka. Takardun Kaka sai da suka yi shekaru fiye da hamsin kafin gara ta ci su, kuma gara ba ta taɓa yi wa kowa alkawarin ajiya ba. Wata huɗu kwamfutar ta ƙara ta mutu murus. Tana nan a ƙarƙashin gado, na kasa yar da ita, na kasa kallonta.

A kwana ukun nan da take wurin tono, ƙarya nake yi wa Baba. In ya nuna inda jakar take zama, sai in ce tana wurin gyara, gobe za a karɓo. Da ta tabbata babu, yayata na fara gaya wa. Na je har Dala, na same ta tana tankaɗe, na faɗa mata a tsaye. Ba ta yi ihu ba, ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Ta ci gaba da tankaɗenta, can ta ce, "Da ka tura mini, da yanzu tana wayata." Na ce na sani. Na tambaye ta ko ta riƙe wani abu daga cikin waƙar. Ta ce ɗan abin da take ji tana yarinya, layi nan, layi can, ba ta san wanne ke gaba da wanne ba. Sannan ta ɗago ta ce, "Ni ba a zaunar da ni an biya mini ba. Kai aka zaunar wata biyu."

A hanyar dawowa makarantar allonmu ta faɗo mini a rai. Ba ka isa ka wanke allonka ba sai ka je gaban Malam ka kawo haddar abin da ke kai, ya ji da kunnensa, sannan ya ce je ka wanke. Wanda ya wanke kafin ya haddace, jikinsa ne ke gaya masa. Tun ina shekara bakwai na san wannan. Ga ni da gemu, ina koyar da 'ya'yan mutane, na ɗauki allo da hannuna na kai an wanke, ban haddace komai ba. Shekara da shekaru ina jin haushin Injiniya da Hausarsa, da masu ƙera abin da ba ya ƙarko, kuma har yanzu ina ji. Amma in na zauna ni kaɗai, na san inda haushin ya fi yawa.

Bayan la'asar na shiga zaure da jakar a kafaɗa. Baba ya gan ta, fuskarsa ta saki, ya fara ƙoƙarin gyara zama da hannu ɗaya. Na taimaka masa ya jingina. Na zauna a gabansa, ban buɗe jakar ba.

Na ce, "Baba, an samu kuskure a wurin gyara. Muryar ta goge. Duka."

Ya daɗe yana kallona. Ban ga fushi ba, kuma na so in gani. Sai ya ɗaga hannun hagunsa a hankali, na ɗauka jakar zai nuna. Ya wuce ta, ya ɗora yatsa a ƙirjina, ya ɗan danna. Na gane tambayar. Sau nawa ya yi mini ita da baki.

Na gyara murya na fara, don farkon kowa a gidanmu ya san shi:

"Na fara da sunan Sarkin da ba ya gyangyaɗi,
Da ya ba ni numfashi, ban ko roƙe shi ba.
Na bar Kano da damina, jakina biyu,
Inna tana bakin zaure, ba ta ce kar in je ba."

Ya lumshe ido, leɓensa yana bi. Na kai ƙarshen baiti na biyu, na buɗe baki don na uku, babu. Na koma farko na sake taho da gudu ko zai fito da kansa, na sake tsayawa a wuri ɗaya. Baba ya buɗe ido. Leɓensa ya ci gaba da motsi, yana kan baiti na uku, yana ba ni shi, ya san shi sarai. Na matsa kusa, na kai kunnena bakinsa, na saurara da duk abin da Allah ya ba ni na ji, irin sauraren da ban yi ba a wata biyun nan. Iska kawai ke fita, da ɗan gurnanin nan. Ya gwada sau uku. A na ukun hawaye ya gangaro ta gefen da ya shanye, inda ba ya iya sharewa.

Na share masa da bakin rigata. Na ce, "Baba, ban riƙe ba."

Ya janye hannunsa daga ƙirjina, ya juya fuskarsa wajen bango. Ya ƙara wata bakwai a duniya, kuma bai sake nuna jakar ba.